Hoton Tafkin Kuza

Mai keken ya taka burki a bakin gada, bai ma kashe injin ba.

"Iyakata ke nan, Baba. Ciki kuma sai 'yan ciki."

Malam Gwadabe tela ya sauko da ƙafa ɗaya yana laluben ƙasa da sandarsa. Kafin ya sauko da ta biyun, 'yarsa Rahma ta miƙo hannu ta zare hular da ke kansa, ta ninke, ta cusa a jakarta. Iskar Jos ta daki sanƙonsa, ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa. Tun da safe suke wannan rigima. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗinka wa jama'a kaftani da babbar riga, yau ga shi cikin shat mai dogon hannu da wandon surukinsa, wandon ma ɗangalalle.

"Baba, ka tuna yadda muka yi da kai. Kada ka yi sallama da ƙarfi a hanya. Kafin la'asar zan dawo nan in jira ka."

"Ke Rahma, a unguwar nan aka yanke mini cibi. Ke ma nan aka yanke naki."

"Na sani, Baba. Su ne ba su sani ba."

Abin da ya kawo Gwadabe ya fi hula. Watan jiya likitan ido ya gaya masa gaskiya ba ɓoye-ɓoye: hawan jinin ido ya cinye na hagu, na dama ma saura ƙiris, kafin wata damina sai dai a ja masa sanda. Bai yi kuka ba, ya dai kwana biyu tuwo bai shiga bakinsa ba. Da ya dawo hayyacinsa abu ɗaya ya tsaya masa a rai: in dai makanta ce, to ta same shi a gidan da ƙafarsa ta sani. Gidan da yake ciki a Unguwar Rogo ya haura shekara ashirin yana kwana a cikinsa, amma har yau in ya fito alwala sai dokin ƙofa ya harɗe shi. Gidan ubansa kuwa, nan bayan Gada Biyu, ko ɗaure masa fuska aka yi zai je rijiya ya dawo. Wannan gida ya zo roƙo a mayar masa.

Ba kuwa ƙwace shi aka yi ba. Shekarar da gari ya rikice, Musulmin wannan unguwa suka kasa barci a ɗakunansu, Kiristocin waccan ma haka, sai mutanen Jos suka ɓullo da dabarar da wuya ce kaɗai ke koya wa mutum irinta: musayar gida. Ka nemi wanda ka yarda da shi a ɗaya ɓangaren, ka ba shi makullinka, ya ba ka nasa. Gwadabe bai sha wahalar nema ba. Mwadkon kafinta abokinsa ne tun suna yara a barikin masu haƙar kuza inda iyayensu ke aiki, tare suka sha duka wurin satar gwaiba a lambun Bature. Mota ɗaya ce ta kai kayan wannan ta dawo da na wancan. A ranar Gwadabe ya hau kujera zai sauke hoton da ke bangon ɗakin ubansa, Mwadkon ya riƙe masa ƙafa.

"Bar shi, Tela. Wanda ya bar kaya a gida ai bai tashi ba. In dai hoton nan yana kan ƙusa, gidanka ne, ni aro na yi. Ranar da gari ya kwanta, kowa ya koma ɗakinsa."

Su a zatonsu kafin kaka an gama.

Wata mata ta tsallako gadar da sauri, ta rusuna. "Baba Tela, sannu da zuwa. Hosana ce." 'Yar Mwadkon ke nan, wadda suka yi firamare aji ɗaya da Rahma, a da kwano ɗaya suke cin ɗanwake. Gwadabe ya kasa kunne ya ji yadda za su rungumi juna. Sai ya ji suna gaisawa a tsanake, ina gajiya, yaya yara, kamar waɗanda suka haɗu a layin asibiti. Rahma ta ɗora hannunsa a kan na Hosana, ta koma cikin keken.

* * *

Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, Gwadabe kuwa a baran yake tafiya. Idonsa ba ya ba shi komai sai inuwoyi, don haka ya cike unguwar da abin da ke kansa.

"Nan ne Iya mai waina ke kafa tandarta. Tun daga gada ake jiyo ƙanshi."

"Shagon cajin waya ne yanzu, Baba."

"To, nan gaba fa, hannun dama, ba masallacin Malam Sharafaddeen ba ne?"

"Akwai kwata a gabanka, Baba. Ɗaga ƙafa."

Ya ɗaga ƙafa, bai sake tambaya ba. A wannan layi ya yi zamaninsa. Kekensa na ɗinki ba ya hutawa sau uku a shekara, sallah ƙarama, sallah babba da Kirsimeti, kuma 'yan Kirsimeti sun fi kowa masifa a kan wuyan riga. Rabin akuyoyin Kirsimetin layin nan shi ya yanka su, don maƙwabta ba sa yarda su dafa naman da Musulmin unguwa ba zai ci ba. Da asuba za a buga masa ƙofa: Tela, zo da wuƙarka. Ya dawo gida da cinya a leda, Maimunatu matarsa, Allah ya ji ƙanta, ta ce wannan sana'a ta fi ɗinki riba.

Wasu samari na zaune a kan benci suna jin waƙa a waya. Waƙar ta tsaya.

"Anti Hosana, wane ne?"

"Abokin Baba ne. A asibiti suka san juna."

Suka wuce. Gwadabe ya ji hannunta yana gumi a cikin nasa. Wataƙila shi ya ɗinka wa uban yaron nan rigar baftisma, amma yau sai an yi ƙarya a kansa kafin ya wuce. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya haɗiye.

* * *

"Wane ɗan boko ne wannan ya shigo mini gida? Tela! Kai ne cikin shat? Wallahi sai ka ce mai karɓar kuɗin wuta."

"Kai ma ai na ji muryarka ta tsufa, Kafinta. Haƙori nawa suka rage?"

Suka rungumi juna suna dariya, dariyar ta zarce inda ya kamata ta tsaya, har Hosana ta fice ta bar su. Mwadkon ya rame, Gwadabe ya ji ƙasusuwan kafaɗarsa ta cikin suwaita. Tun rasuwar Magadaliya matar Mwadkon ba su haɗu ba, ita ma ta'aziyyar a waya aka yi ta. Aka kawo gwaten acca da zafinsa, suka sha suna lissafin matattu: wane ya tafi, wane ma ya tafi, wane yana nan amma ba ya gane kowa. Maganar da Gwadabe ya zo da ita tana bakinsa, ya rasa ta inda zai ɓullo mata. Sai ya ce bari ya fara da hoto.

"Yana nan?"

"Ina za shi? Ga shi bisa kanka."

Gwadabe ya miƙe ya juya. Tsohon hoto ne na zane, irin wanda kamfanin kuza ya bugo daga Ingila aka shafa masa launi, aka raba wa manyan ma'aikata. Uban Gwadabe heluma ne, shugaban leburori, shi ya sa ya samu. Tun yana yaro ya haddace duk abin da ke ciki, ya kuma yi wa 'ya'yansa bayaninsa har suka gaji. Yanzu ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, bai ga komai ba sai wani duhu mai kusurwa huɗu.

"Bari in gaya maka abin da ke ciki," in ji shi, don kada a gane. "Ga duwatsun nan sun hau kan juna. Ga tafki a tsakiya, shuɗi kamar an zuba masa bula. Can nesa hayaƙin jirgin ƙasa. Ga ciyawa kore shar a wannan kusurwa. Ga mata sun jeru da kwanon sarki a ka, suna ɗibar ƙasar kuza. Ga Baba a tsaye da farar riga, da sandarsa. Kai, Jos ke nan, Kafinta! Lokacin da gari ke gari. Kowa da kowa wuri ɗaya, ba mai tambayar sunanka kafin ya gaishe ka."



Gwadabe ya sauke murya. "Ba na ganinsa, Mwadkon. Ƙarya nake yi, daga kai nake karantowa. Taso ka duba mini, ka faɗa mini abin da ke ciki. Ina so in ji shi daga idon da ke gani."

Kujera ta yi ƙara. Mwadkon ya zo ya tsaya kusa da shi. Da ya buɗe baki, da Hausarsa ta 'yan bariki ya yi magana, wadda ba ruwanta da mace ko namiji.

"Dutse yana nan. Jirgi yana nan. Amma wannan da kake ce ma ciyawa, ba ciyawa ba ne, Tela. Ƙerana ne. Ka san mu da shi muke shinge gida. Duba, an sare rabi, rabi yana tsaye. Gidan kakana ke nan."

"Gidan kakanka?"

"Daga wannan shinge har inda ruwa ya ƙare, gonan acca ne. Kampani ya zo ya ce akwai kuza a ƙasa, aka ce mu matsa. Muka matsa. Kabarin kakana yana ƙarƙashin wannan bula naka. Shi ya sa muka zo bariki, ba don muna son bariki ba. Wanda ba shi da gona, sai ya ɗauki kwano." Yatsansa ya ƙwanƙwasa gilashin. "Matan nan, mamana yana cikinsu. Ban san wanne ba, don mai zane bai yi musu fuska ba. Babanka an yi masa riga har da aljihu. Su ɗigo-ɗigo ne kawai."

Gwadabe ya dafa bango.

"Abin hannun babanka kuma, ka yi haƙuri, ba sanda ba ne. Dorina ne. Ban ce ya taɓa dukan mamana ba, ko kusa. Shi ne ma ya kai shi asibiti ranar da rami ya rufta. Shi ma ai cikin rana yake tsaye, kamar kowa. Mai kuzan fa, ka taɓa ganinsa a hoton nan? Babu shi. Yana inda mai zane ya zauna, bisa tudu, cikin inuwa, yana kallon ƙasa. Daga can komai yana da kyau." Sannan ya ƙara a hankali, "Kuma a ruwan nan Dachung ya tafi."

Gwadabe ya san Dachung, ƙanen Mwadkon, yaro mai son kamun kifi. Bayan kamfani ya kwashe kuzarsa ya tafi ya bar ramuka, ruwa ya cika su, ba shinge ba mai gadi. Gwadabe yana cikin samarin da suka yi ta zagaya bakin tafkin da gora har gawar ta taso. Ya tuna ruwan, baƙi ƙirin, ga sanyi. Amma tsawon rayuwarsa bai taɓa haɗa wancan baƙin ruwa da wannan shuɗin na bangon ubansa ba. Kunya ta rufe shi, irin wadda ba a san inda za a ajiye ta ba.

"Duk shekarun nan, me ya hana ka faɗa mini?"

"Kana son shi. Babanka ne a ciki. Ciki ai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

"To me ya hana ka sauke shi? Kullum ka buɗe ido sai ka gan shi!"

"Magadaliya ya yi ta fama da ni, ya ce ko juya shi in yi ya kalli bango. Na ce a'a. Na riga na ce maka yana kan ƙusa. In na sauke shi, na kore ka ke nan."

Suka koma suka zauna. Gwaten ya huce a kwano. Gwadabe ya juya maganar da ya zo da ita a bakinsa, ya ji ta yi nauyi. Kamfani ya tashi mutanen nan daga gonarsu, rikici ya tashe su daga Unguwar Rogo, yanzu kuma shi ne zai zo da sandarsa ya ce a sake ɗaure kaya?

Mwadkon ne ya hutar da shi. "Na san abin da ya kawo ka. Rahma ya gaya ma Hosana zancen ido. Gida naka ne, Tela, ban manta ba. Ka ce gobe, gobe in tattara in tafi ƙauye wurin ɗana, ba wahala. Amma gida kawai zan iya ba ka. Unguwa ba a hannuna yake ba. Wa zai ja ka zuwa masallaci? Wane masallacin ma? In dare ya yi aka buga ƙofa, wa za ka kira?"

Gwadabe ya miƙe. Ya jingine sandarsa a jikin kujera, ya fita tsakar gida hannu sake. Ƙafarsa ta tsallake dokin ƙofa ba tare da ya gaya mata ba. Ta kauce wa dutsen da Maimunatu ke wanki a kai, ta bi ta gindin mangwaro inda saiwa ta ɗago ƙasa, ta karkata hagu. Ya miƙa hannu, tafinsa ya sauka daidai a kan bakin rijiya, inda igiyar guga ta ci sumunti ta yi masa kwari. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ya tsaya nan yana shafa wurin, hawaye na bin gemunsa, don gidan bai manta da shi ba.

Daga ƙofar waje ya jiyo murya, irin ta ɗazu a kan benci.

"Anti Hosana, baƙon naku bai tafi ba?"

"Yanzu zai tafi. Tsoho ne fa, Cletus, ba ya ma gani."

"A'a, tambaya kawai na yi."

Ya share fuskarsa da hannun shat ɗin, ya koma ɗaki ta hanyar da ya fito.

"Kafinta, sauke shi."

"Tela, ka san abin da kake faɗa?"

"Na sani. Ka gama aro, gidanka ne. Ka yi barci ka tashi ba tare da ruwan nan a kanka ba. Sauke shi, ka cire ƙusar ma."

Hosana ce ta hau kujera ta sauko da hoton, ta goge ƙurar bayansa, ta naɗe shi da tsohon zanen uwarta. Ƙusar kuwa Mwadkon bai yarda kowa ya taɓa ba. Ya ɗauko hamarsa, ya daɗe yana fama, don ta yi tsatsa ta kama bango. 

* * *

Hosana ta ɗauko mayafinta za ta mayar da Gwadabe bakin gada, ubanta ya ce ta zauna. "Ni zan raka baƙona."

Suka fito, hoton a hammatar Gwadabe, ɗaya hannun cikin na Mwadkon. Samarin benci suka gaida Mwadkon, ya amsa bai tsaya ba. A hanya ya fara dariya shi kaɗai.

"Ka tuna rakiyarmu ta da? In raka ka har ƙofar gidanka, ka ce a'a, ba ka yarda in koma ni kaɗai ba, ka rako ni har Unguwar Rogo. Ni ma in ce ban yarda ba."

"Har Maimunatu ta ce wata rana sai an tsince mu a tsakiyar hanya mun mutu da rakiya."

Suka yi ta dariya har hanya ta ƙare. A bakin gada Mwadkon ya tsaya. Ba soja a wurin, ba shinge, motoci na wucewa abinsu, ba wanda ya ce masa kada ya tsallaka. Ƙafarsa ce kawai ta koyi inda take tsayawa. Ya kamo hannun Gwadabe ya ɗora a kan ƙarfen gadar.

"Bi wannan, kada ka sake shi. Ga Rahma can, na hango shi. Ka gaida gida."

"Bari in ɗan taka maka," in ji Gwadabe, bakinsa ya riga tunaninsa.

"Sai wani lokaci, Tela."

Gwadabe ya bi ƙarfen a hankali har ya ji hannun Rahma a kafaɗarsa. Ta karɓi ƙunshin, ta tambaye shi yadda suka yi, ya ce lafiya lau. Kafin ya shiga keken ya juya. Can tsallake inuwoyi ne birjik, masu tafiya da masu tsayuwa, duk iri ɗaya. Ya zaɓi wata doguwa siririya da ba ta motsi, ya ɗaga mata hannu sama, ya daɗe yana kaɗawa.

Rahma ta duba. Baba Mwadkon yana can gefe guda, shi ma hannunsa a sama, yana jira a gan shi. Abin da ubanta ke yi wa ban kwana turken wutar lantarki ne. Ta buɗe baki za ta faɗa masa, sai ta fasa.

"Ya gan ka, Baba," ta ce. "Mu tafi."